Yadda nake kafa wurin horar da ma'aikata, daga Janairu zuwa yanzu

6 ga Janairu, 2025

Yau na fara rubuta yadda aikin nan yake tafiya, don in na waiwaya in ga inda na taka daidai da inda na zame, in kuma wani mai irin niyyata ya karanta ya ƙaru to madalla. Shekara tara na yi ina aikin akawu, kuma da wuya a yi sati wani bai jawo kujera ya zauna gefena ya ce Malam don Allah duba min wannan lissafin ya ƙi fita ba, tun ina yi don zumunci har na gane cewa wannan ɗin shi ne abin da na fi jin daɗi a cikin aikin gaba ɗaya. Ƙarshen Disamba na ajiye aiki, da ɗan abin da na tara wanda zai riƙe gida wata shida.

Abin da zan koyar guda ɗaya ne, Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, ga ma'aikatan ofis, musamman 'yan sito da akawu da masu haɗa rahoton ƙarshen wata. Wani abokina ya ce in haɗa da koyar da shugabanci da kula da kwastoma da rubuta wasiƙa wai kasuwar ta fi faɗi, na ce masa a'a, abin da hannuna ya sani shi zan tsaya a kai. Na riga na haɗa silaid 140 cikin sati biyu, daga yadda ake buɗe fayil har zuwa zana jadawali.

21 ga Janairu

Sati biyun nan yawo na yi. Na je wuraren aiki shida, huɗu suka saurare ni. Da farko tambayar da nake yi wa manajoji ita ce me kuke so ma'aikatanku su koya, kowa sai ya ce su dai iya kwamfuta, wanda wannan amsar ba abin da za ka gina a kanta. Sai na canza tambaya, na koma cewa ranka ya daɗe wane aiki ne a ofis ɗin nan yake cin lokaci fiye da kima, ko wanda kullum sai an dawo da shi an gyara? Nan take baki ya buɗe.

A wuri na uku manajan ya bar ni na zauna gefen wata Hajiya mai kula da sito, na ce mata ta yi aikinta kawai kamar ba na nan. Fayil biyu ta buɗe, ɗaya na kayan da suka shigo ɗaya na waɗanda suka fita, tana karanta lambar kaya a na farko, ta koma na biyu tana gangarawa da ido har ta same ta, sannan ta ɗauki wayarta ta buɗe kalkuleta ta cire wannan daga wancan, ta dawo ta rubuta amsar da hannu a cikin Excel ɗin. Kwana uku take yi a kan wannan duk ƙarshen wata. Na ce Hajiya an taɓa nuna miki VLOOKUP, fomular nan da ke nemo lambar kaya a ɗaya fayil ɗin ta kawo bayaninta? Ta ce an nuna mata, ta gwada, sai #N/A, alamar da Excel ke nunawa in bai samu abin da aka nema ba, ya cika mata shafi, ta ɗauka ita ce ba ta da kai ta haƙura. Da na danna cikin akwatin lambar kayan sai ga fili ɗaya a bayan lambar, wanda ido ba ya gani, duk wanda ya shigar da bayanan tun farko ya saba danna dogon maɓallin nan bayan ya gama rubutu, ita kuma kwamfuta a wurinta lamba mai fili da marar fili abu biyu ne daban. Muka sa TRIM ya share filayen, muka sake fomular, shafin ya cika da amsa cikin ƙiftawar ido. Ta yi shiru ta daɗe tana kallo, can ta ce Malam, yanzu wannan ɗan abin ne ya hana ni tashi da wuri shekara biyu?

Da na dawo gida na buɗe silaid ɗina 140 na duba, babu ko ɗaya da ya yi maganar gyara bayanai masu datti. Duk misalaina tsaf-tsaf suke don ni na ƙirƙira su. Gani ya kori ji wallahi.

2 ga Fabrairu

Na rushe kwas ɗin na sake gini daga tushe. Abin da ya taimake ni shi ne tsarin wani Ba'amurke, Robert Mager, wanda tun 1962 ya ce manufar darasi ta ƙunshi abu uku, me mutum zai iya YI bayan darasin, a wane yanayi zai yi shi, kuma da wane ma'auni za a ce ya yi daidai. Da na auna tsofaffin manufofina da wannan sai na ga duk "su fahimci kaza" ne, "su san kaza", to ta ina zan leƙa cikin kan mutum in ga ya fahimta? Yanzu ga yadda ɗaya take: in an ba shi fayil ɗin kayan shiga da na kayan fita, mai layi ɗari biyar da kurakurai a ciki, zai fitar da ragowar kowane kaya cikin minti talatin ba tare da kalkuleta ba. Wannan kam ko manajan da bai san Excel ba zai iya tsayawa ya gani da idonsa an yi ko ba a yi ba.

Manufa biyar na tsayar. Duk silaid ɗin da ba ya kai mutum ga ɗaya daga cikin biyar ɗin na cire shi, ko da ina son sa, kuma akwai waɗanda na ji zafin cirewa, musamman na zane-zanen jadawali da na ɓata dare biyu a kansu. Saura 18. Mafi yawan lokacina yanzu a kan fayilolin gwaji yake tafiya, ina lalata su da gangan, in sa fili a bayan lamba, in rubuta suna ɗaya iri biyu, in sa kwanan wata da kwamfuta take ɗauka rubutu ne ba kwanan wata ba, in maimaita layi. Ashe ɓata fayil yadda zai yi kama da na gaske ya fi haɗa mai kyau wuya.

13 ga Fabrairu

An gama rajistar sunan kasuwanci, na buɗe asusun banki daban da nawa don kar kuɗin aiki su cakuɗe da na gida. Na rubuta takardar yarjejeniya shafi ɗaya na ba wani lauya ya duba. Ɗaki haya zan riƙa yi na yini, ba zan kama ofis ba sai aiki ya nema.

22 ga Fabrairu

Ajin gwaji yau, mutum goma daga wuraren nan huɗu, kyauta, sharaɗin kawai su faɗa min gaskiya kuma su bar ni in biyo su ofis daga baya.

Abu biyu suka ba ni matsala. Na farko na gina darasi na uku a kan XLOOKUP, sabuwar fomula mai irin aikin VLOOKUP, don ya fi VLOOKUP sauƙin koyo, ashe mutum shida Excel 2016 ko 2019 ne a laftof ɗinsu, shi kuma XLOOKUP sai a Excel 2021 zuwa sama ko Microsoft 365 yake aiki, suna rubutawa #NAME? yana fitowa, alamar Excel bai san fomular ba, dole na tsaya a tsakiyar aji na koma VLOOKUP ina bayanin cewa shi dama kawai yake dubawa daga layin tsaye na farko, kuma in ba ka sa FALSE a ƙarshe ba zai iya kawo maka amsar da ta yi kusa maimakon ta daidai, kuma ba zai gaya maka ba. Na biyu wani bawan Allah fomularsa ta ƙi shiga sam, mun kai minti goma kafin na gane kwamfutarsa an saita ta a tsarin yankin da ake raba fomula da waƙafi mai ruwa maimakon waƙafi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Daga yau duk wanda zai zo sai na tura masa ƙaramin fayil kwana uku kafin aji, ya buɗe ya turo min hoton abin da ya gani.

Amma abin da ya fi damuna shi ne ni kaina. Na sa waya ta ɗauki murya, da na saurara da daddare sai na ji awa ta farko kusan duk ni kaɗai nake magana. Waɗannan ba yara ba ne, akwai wanda ya shekara ashirin a sito, ya san wahalar aikin fiye da ni. Malcolm Knowles, wanda ya yi suna a kan ilimin manya a Amurka wajen shekarun 1970, abin da ya dage a kai ke nan, babba yana so ya san dalilin da zai koyi abu kafin ya koya, yana shigowa da gogewarsa, kuma matsalar da ke gabansa yake so a warware ba wai a bi masa babi-babi ba. Na karanta wannan tun tuni, amma da na tsaya gaban majigi sai bakina ya koma irin yadda aka koyar da ni a makaranta. Bayan hutu da na ce kowa ya buɗe fayil ya fara, ni in zagaya, sai ɗakin ya canza, har suna gyara wa juna.

Takardar jin ra'ayi kuwa duk goma sun yaba.

17 ga Maris

Wannan ranar ta yi min nauyi. Na bi mutum bakwai daga cikin goman zuwa ofisoshinsu, sati uku bayan aji. Biyu ne kawai suke amfani da abin da muka yi. Hajiya tana ciki, alhamdulillah, ta ce rabin yini ta yi a rahoton Fabrairu. Sauran biyar sun koma gidan jiya, ɗaya ma da ya gan ni sai ya yi sauri ya tura kalkuleta cikin durowa, na ce masa haba Malam ba jarrabawa na zo yi ba, so nake in san inda aka tsaya.

Na zauna da kowannensu. Biyu mantawa suka yi, sun ce ran nan sun gane sarai amma da ƙarshen wata ya zo sun buɗe fayil sai kai ya ɗauke. Ɗaya ogansa ne ya ce shi tsohon tsarin rahoton ya saba gani kar a canza masa. Ɗaya kwamfutar ofis ɗinsu mutum uku ke rabawa, ba ya samun lokacin gwaji. Na ƙarshen tsoro yake kar ya yi kuskure a fayil na gaske a ce shi ya ɓata.

Maganar mantuwa ba sabuwa ba ce, wani Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya gwada ta a kan kansa ya wallafa tun 1885, ya haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana auna abin da ya rage, ya ga mantuwa da gudu take farawa a sa'o'i da kwanakin farko sannan ta lafa, kuma maimaitawa bayan tazara tana rage ta. To ni kuma na ɗura wa mutane komai yini ɗaya na sallame su. Shi kuma Donald Kirkpatrick a 1959 ya kasa auna horo mataki huɗu, ko mutane sun ji daɗinsa, ko sun koya, ko aikinsu ya canza da suka koma, sai kuma ko wurin aikin ya ga sakamako. Takardar da na yi murna da ita ran 22 ga Fabrairu mataki na farko ce kawai, mafi sauƙi, wadda ko ɗaki mai sanyi da malami mai fara'a sun isa su cike ta da yabo. Manaja kuwa na uku da na huɗu yake biyan kuɗi a kai ko da bai faɗa da bakinsa ba, kuma ni ma don su na bar aikina. In aka ce mutum ya zo ajina ya koma yana kwana uku a kan aikin rabin yini, to ban ba shi komai ba, ko me ya rubuta a takarda.

5 ga Afrilu

Sabon tsari. Babu kwas na yini ɗaya kuma. Zama uku ne na rabin yini, sati guda tsakani, kuma na ƙarshen ina daidaita shi da lokacin da suke haɗa rahotonsu, kowa ya zo da kwafin fayil ɗinsa na gaske, a cire sunaye da abin da ofis ba ya so a gani, mu yi a kansa. Kowane zama da tambayoyi biyar kan na baya nake buɗe shi, ba duba littafi. Tsakanin zama akwai guruf a WhatsApp, ina tura ƙaramin aiki na minti goma sau biyu a sati. Sannan kafin a fara sai na zauna da ogan da kansa na minti ashirin, in nuna masa yadda sabon rahoton zai fito, ya amince, ya kuma yi alkawarin ba su lokacin gwaji. Na ƙara darasi ƙarami kan ajiye kwafi kafin ka taɓa fayil, saboda mai tsoron nan.

Wurin da Hajiya take aiki su ne suka fara ba ni kwangila ta kuɗi, mutum takwas. Ita ta yi min talla ba tare da na roƙa ba.

16 ga Afrilu

Maganar farashi. Da farko awannin da zan tsaya a aji kawai na lissafa, da na zauna na rubuta duk lokacin da kwangila ɗaya take ci sai na ga tsayuwa a aji ita ce ƙarama, akwai ziyarar farko, da gyara fayilolin gwaji su yi kama da aikin wurin, da amsa tambayoyin guruf har dare, da komawa bayan wata guda, ga hayar ɗaki da buga takardu da haraji, ga kwanakin da ba kowa sai neman aiki wanda su ma dole wani ya biya su. Na daina cewa kuɗin kai ɗaya kaza ne, yanzu kwangilar gaba ɗaya nake sa wa farashi, kuma ba na wuce mutum goma sha biyu a aji don ba zan iya zagaya fiye da haka in ga allon kowa ba. Wani manaja ya ce in cire ziyarar baya in rage masa kuɗi. Na ce yallaɓai ko me za a cire banda wannan. Bai dawo ba, kuma abin ya tsaya min a rai kwana biyu don ina buƙatar aikin, amma ban canza ba.

29 ga Mayu

Wani kamfani na gama musu aiki tun farkon wata, har yau ba su biya ba, kullum takarda tana teburin wani. Laifina a nan shi ne na fara aiki da alkawarin baki don mutumin da ya kawo ni mutumin kirki ne, ashe ba shi ke sa hannu ba. Daga yanzu rabi kafin a fara, rabi cikin kwana goma sha huɗu bayan zama na ƙarshe, a rubuce, kuma sai na tambayi sunan ofishin da ke biya tun ranar farko. Kuɗin wata shidan nan saura kaɗan.

19 ga Yuni

Sun biya, an huce.

Yau kuma rigimar satifiket ce. Wani da ya zo zama ɗaya cikin uku ya kira ni yana so in ba shi takardar shaida don za a duba ƙarin girma a ofis ɗinsu, ya yi ta roƙo, har ya ce ai ba wanda zai sani. Na tausaya masa da gaske, na san abin da ƙarin girma yake nufi ga mai iyali. Amma a bayan takardata an rubuta abu biyar da mai ita zai iya yi, in na ba wanda ba zai iya ba to na ci amanar waɗanda suka zauna suka yi gumi, ranar da ogansa ya ce masa bismilla ga fayil kuma takardun kowa sun zama banza. Na ce masa ya shigo aji na gaba ya cike zama biyun kyauta, ya yi gwajin, in ba shi da hannuna. Ya yi fushi ya kashe waya. Da yamma ya turo saƙo yana tambayar ranar.

24 ga Yuli

Na gwada aji ta intanet don wasu da suke nesa. Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40, dole na biya. Babbar matsalar ita ce ba na ganin allon mutane, a ɗaki ina hango wanda ya maƙale tun daga yadda ya janye hannu daga linzami, a nan kuwa kowa ya rufe kyamara ya yi shiru, in na ce an gane sai a ce e. Abin da ya ɗan yi aiki shi ne rage su zuwa shida da sa kowa ya nuna allonsa bi da bi. Na duba Moodle, manhajar nan ta kyauta ta koyarwa ta intanet da Martin Dougiamas ya fitar daga Ostireliya a 2002 wadda jami'o'i da yawa ke amfani da ita, tana da kyau amma ta fi ƙarfin buƙatata yanzu, ajiye ta na yi. Gajerun bidiyo na minti uku-uku nake ɗauka a maimakon haka, kowanne matsala ɗaya, don wanda ya manta ya samu abin komawa.

30 ga Agusta

Zuwa yau kwangila bakwai, mutum 61. Na koma wurin 44 daga ciki bayan wata guda, 31 na tarar suna amfani da abin a aikinsu na gaske, na gani da idona ba ji na yi ba. Sauran 13 na rubuta dalilin kowanne, kuma wanda ya fi maimaituwa har yanzu shi ne ogan da bai zo zaman farko da ni ba ya wakilto wani. Wannan zan mayar da shi sharaɗi a cikin yarjejeniya.

Aiki ya fara fin ƙarfin mutum ɗaya, ziyarar baya ce take taruwa min, akwai mutum 17 da ban je wurinsu ba. Na yi wa Hajiya magana ko za ta riƙa taya ni ranar Asabar, ta ce Malam ni da ban taɓa tsayawa gaban mutane ba? Na ce mata ba tsayawa gaba nake nema ba, zagayawa ne da zama gefen wanda ya maƙale, kuma ba wanda ya san yadda #N/A yake karya gwiwa kamarta. Ta ce za ta nemi izinin wurin aikinta ta kuma yi shawara a gida. Kafin nan ni kuma sai na rubuta littafin jagora na mai koyarwa, don komai a kaina yake, wane fayil ake buɗewa a wane lokaci, wane kuskure aka dasa a layi na nawa, wace tambaya ake yi in mutum ya tsaya maimakon a karɓe masa linzami. Na fara daren jiya, na kai shafi huɗu, zama na farko ma ban gama ba.